Baba a Bencin Baya

Ran wata Lahadi, mako uku bayan ruwan shuka, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, mahaifina ya tashi daga bencin gaba ya koma na baya. Tsakanin bencin biyu bai fi taku uku ba, domin ba mu da ginin coci a lokacin. Falon Malam Bitrus ne, wani malamin makaranta a Boɗinga, ake matsar da kujerunsa gefe, a shigo da benci biyu daga ƙarƙashin rumfa, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin da yake duba littattafan ɗalibai. Ba mu kai ashirin ba har da goyo, duk ma'aikatan gwamnati ne da aka turo daga ƙasar Zuru, su da iyalansu. Manya suna zama a bencin gaba da kujerun mai gida, mu yara a tabarma. Bencin baya kuwa jakunkunan mata ne da lema suke zama a kansa, domin an ware shi ne don wanda aka sa a horo, wato wanda ya yi laifi ikilisiya ta dakatar da shi daga Jibin Ubangiji na ɗan lokaci, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin mutum a kai ba. Ran nan Baba, wanda shi ne mai ba da waƙa kuma shi ne mai karatu, ya miƙe tun ba a fara sujada ba, ya ce yana da magana. Ya ce ranar Alhamis ya mari mutum a gona, mutumin da ya girme shi, a gaban jama'a. Ya ajiye littafin waƙa a kan farin ƙyallen, ya ɗauke jakar matar Malam Bitrus ya miƙa mata, ya zauna a gurbin jakar. Faston da yake zuwa mana daga Sakkwato a kan babur Lahadin farko ta kowane wata yana nan ran nan. Shi da Malam Bitrus suka fita ƙarƙashin rumfa, suka dawo suka ce wata uku. Ina tabarma ina kallo farantin gurasa ya zagaya, ya tsallake ubana.

Yanzu sana'ata hatsi. Ina sayen gero da dawa da wake a ƙauyukan Dancadi da Mandera, ina lodi zuwa Sakkwato da gaba, kuma da tire da mudu guda na fara. Mai irin aikina yana son abu a fili: in buhu ya cika ya cika, in da ƙwari a ciki da ƙwari. Haka nake tun ina ƙarama, shi ya sa al'amarin Baba ya tsaya mini a wuya. A Shagari muke zaune, a ɗakuna biyu bayan ɗakin shan maganin da yake aiki. Malam Yohanna ne sunansa, amma duk garin Likita suke ce masa, ni kuma ɗiyar Likita. Sunana Rahila kuwa sai a gida da rajistar makaranta. Mutane suna yabon hannunsa. Tsofaffi sukan ce allurarsa ba a jin shigarta, mata kuma suna ɗauko yara masu gyambo daga nesa don shi ya wanke musu. "Hannun Likita da sanyi," haka ake faɗa a bakin rijiya, ina tsaye da guga ina ji. Mu na gida mun san ɗaya gefen hannun. In na fasa tulu, ko ƙanena ya bar akuya ta shiga ɗaki, ko aka taɓa masa rediyo, kafin ka ji faɗa ka ji mari. Bayan nan sai ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, mu riƙa jiyo shi yana addu'a ƙasa-ƙasa. Kowace safiya ta Allah, bayan karatu, roƙonsa guda ne, Ubangiji ya tsarkake shi. Na haddace roƙon nan kamar yadda na haddace biyu sau biyu, ban kuma ga abin da ya canza ba.

Mai unguwa ne ya ara masa gona a hanyar Mandera, kuma yana ji da ita fiye da kekensa. Mutumin da ya mara maƙwabcinmu ne, Buhari mai jaki, katangarmu ɗaya da gidansu, shi ne ma ya yi ta kai mana taki gonar da rani a mangala. Ran Alhamis ɗin dabaibayin jakin ya tsinke, ya shiga ya bi layi-layi yana tsinke geron da bai isa ya ɓoye kurciya ba. Ina gonar ina cire ciyawa, na yi ta jifa da hoge jakin bai ko ɗaga kai ba, har Baba ya iso daga aiki. Buhari ya zo a guje yana ba da haƙuri, bai rufe baki ba na ji ƙarar marin, hularsa ta faɗi cikin kunyar gero. Manoman da ke gonakin kusa duk suka miƙe da fartanyu a hannu. Buhari ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kaɗe ta, ya ce, "Allah shi huci zucciyakka, Likita," ya ja jakinsa. Kafin magariba Baba ya je zaurensa ya durƙusa, Buhari ya ce ya yafe, washegari ma ya aiko da irin gero a ƙwarya aka cike gurbin. A ganina magana ta mutu ke nan. Wanda aka mara ya yafe, Allah an ce mai gafara ne, a cikin 'yan Boɗinga kuma ba wanda ya gani, ba wanda zai ji. Na kasa gane abin da ya sa Baba ya tono abin da aka binne, ya ɗauka a ka, ya shiga mota da shi har Boɗinga ya sauke a gaban mutane.

Na tambayi Mama muna surfe, ita da babbar taɓarya ni da ƙarama. Na ce an gafarta wa Baba? Ta ce tun ran Alhamis. Na ce to me yake yi a baya? Ta share gumi da bakin zani ta ce, "Yana girma." Mutumin da furfura ta fara fito masa a gefen kunne, wai yana girma. Wa'azin Fasto na wata na gaba ya ƙara rikita ni. Ya ce mu tsarkaka ne tun yanzu, domin Yesu ya saye mu da jininsa, ba don wani abin kirki da muka yi ba. Ina cikin jin daɗin wannan sai ya ce dole mu yi ta fama kowace rana, Ruhu Mai Tsarki yana aiki a cikinmu kaɗan-kaɗan, aikin kuma ba zai ƙare ba sai mun ga Ubangiji ido da ido. Na juya maganar ta kowane gefe ban ga bakinta ba. In riga ta fita, me ake ci gaba da cuɗawa? In kuma ba ta fita ba, don me ake ce mata fara? A makaranta in ka ci jarrabawa ka wuce aji, kowa ya ga sabon ɗakin da ka shiga. 'Yan makarantar allo in sun biya karatunsu a wanke allon a rubuta na gaba, kowa ya san inda kowa yake. Mu ba mu da aji, ba mu da allo, sai benci biyu, bencin ma bai faɗi gaskiya ba, domin akwai wanda har mu yara mun san yana leƙa gidan burukutu in ya je gida hutu, yana nan zaune a gaba yana miƙa hannu ga gurasa, wanda ya tona kansa kuwa yana baya.

Balki ce ta ba ni amsar da na iya riƙewa a hannu. 'Yar Buhari ce, ajinmu ɗaya, tare muke sharar filin makaranta da safe, tare muke shan bulalar latti, tare muke zuwa yankan ciyawar awaki da lauje guda muna karɓa-karɓa. Bayan marin mun yi mako guda muna gaba, in na biyo ta nan ta bi ta can, har ran da na same ta gindin bishiyar dogon yaro ta makaranta tana 'yar carapke ita kaɗai da duwatsun da muka tsinto tare. Na zauna, ta turo mini duwatsun. Sai da na faɗi sau biyu ta ce, da irin Hausarsu ta Sakkwatawa, "Ni na san ciwon babanki. Ku ba ku alwalla. Babana in ya yi hushi buta yaka ɗauka, shi wanke, shi huce. Ran da babanki ya mare shi ma, yana shigowa gida buta ya nema." Na auna maganar, na ga ta cika mudu har da tozo. Ga mutum an mare shi a gaban jama'a ya kaɗe hula ya yi addu'a, ga nawa uban shekara da shekaru yana roƙo da baki bai daina ba. Bambancin da na iya gani da ido tsakanin gidajen biyu shi ne buta. Ban yi niyyar barin addininmu ba ko kusa. Ina son waƙoƙinmu, ina son Yesu yadda yaro yake son wanda aka ce ya mutu dominsa. Gani kawai na yi maƙwabta suna da wani kayan aiki da mu ba mu da shi, kuma Mama kullum tana aika ni aron rariya gidansu.

Na san ba bakin da zan iya ce wa Baba ya yi alwala, sai na yanke shawarar in yi masa. Balki ta ara mini wata 'yar shuɗiyar buta mai fasasshen murfi, ta koya mini a bayan rumbunsu: hannu, baki, hanci, fuska, damtse, shafar kai, kunne, ƙafa, kowanne da adadinsa, in na haɗa ta ce sake. Cikin kwana uku na iya. Daga nan duk kiran ladan ni ma kirana ne. Daminar ta yi kyau, aiki ya yi yawa, ga noman farko, ga maimai, ga kai wa Baba fura gona ran Asabar, ga tsinkar tafasa da rama don kwaɗo, ga kai niƙa, ga tarar ruwan indararo a duk mazubin da ke gidan in hadari ya taso. Duk da haka ko ana tsakiyar gaɗa ne sai in sulale in je bayan rumbu, in tsuguna, in ce a zuciyata wannan na Malam Yohanna ne. Wata rana da la'asar na ɗago kai na ga kakar Balki tsaye da carbi. Modibbo ake ce mata, ita ke koya wa matan unguwar karatu a tsakar gida, kuma ko maza suna rage murya in za su wuce ƙofarta. Ta tambaye ni, na faɗa mata gaskiya duka. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ɗiyar Likita, wanga abu ba wasan yara ba na, kuma ba a yi ma wani shi. Ko ni ban iya yi ma Buhari da na haifa. Ruwa gaɓɓai yaka wankewa, zucciya sai Mai ita. Tahi ki tambayi uwakki yadda kuka yin naku." Na ce to, Inna. Amma a hanyar gida na tuna na sha ganin Baba yana ba mai jego magani ta sha don jaririn da take shayarwa ya samu. In magani yana bin nono ya sauka, me zai hana shi bin jini ya hau? Na sauya wurin tsuguno kawai, na koma bayan garken awakinmu.

Lahadi tana zuwa tana wucewa. Mukan fita da sassafe mu tari a-kori-kura a bakin titi, mu sauka a Boɗinga, Baba ya gaisa da kowa, ya wuce bencinsa. Matar da ta karɓi ba da waƙa takan ɗauko ta can sama, a tsakiya kowa ya maƙale, sai a ji muryar Baba daga baya a hankali tana jawo mu ƙasa. Yaran tabarma suna waiwaye suna zungurina, ni kuma ina kallon farin ƙyalle kamar ban ji ba. Abin da nake so guda ne, in ga ubana ya dawo gaba ya karɓi gurasa kamar kowa. Amma a gida ban ga alamar maganina yana ci ba. A wata na biyu ƙanena ya fasa gilashin fitila, ya sha mari, Baba ya shiga ɗaki ya turo ƙofa kamar kullum. Na kai wa Balki ƙara, kamar wadda aka sayar wa iri bai tsiro ba. Ta yi ta yi mini tambayoyi irin na likita, har muka zo kan ranar Lahadi. Na ce ina yi da asuba kafin mu fita. Ta ce a mota fa? Na ce a mota ai barci nake yi a cinyar Mama, kafin mu yi rabin hanya na tafi. Balki ta riƙe haɓa. "Ke, ba ki san kwana na karya alwalla ba? Ashe dut wahalar banza kika yi. Ba ki taɓa kai ko guda gaban Allah ba." Ran nan na ji kamar an cire mini ƙaya. Ashe kayan na da kyau, a hanya yake zubewa.

Lahadin da wata ukun ya cika, gero ya fid da kai, tsuntsaye sun fara sauka. Tun ran Asabar Mama ta goge wa Baba farin kaftaninsa da dutsen guga na gawayi, shi kuma ya yi aski. Ni na cusa butar a ƙasan jakar da ake zuba mana abincin rana. A mota na yi ta mintsinin cinyata don kada in yi barci, ban san lokacin da ya ɗauke ni ba, sai farkawa na yi na ji ana cewa Boɗinga. To, na zo da shirina. Ana ta gaishe-gaishe na ɗebi ruwa a randar Malam Bitrus, na nufi bayan gida, na tarar ruwan sama ya kwanta a wurin har idon sawu. Sai na tsuguna a gefen rumfa, na ce ai yanzu zan gama. Na natsu sosai don kada in haɗa, ban ji tsayawar babur ba. Ina shafar kunne na ga taya a gabana, na ga takalman Fasto, na ga na Malam Bitrus, na ga bakin farin kaftani. Balki ta ce in ka katse sai ka sake daga farko, saboda haka na wanke ƙafar dama na wanke ta hagu, suna tsaye suna kallo, sa'an nan na miƙe. Ba wanda ya tambaye ni komai. Malam Bitrus ya dubi Baba ya ce, "Malam Yohanna, ashe abin ya kai nan." Yanzu na fahimce shi. Mu tsiraru ne a garin da ba namu ba, 'ya'yanmu suna tashi a gidajen maƙwabta, kuma abin da kowane uba a cikinsu yake tsoro a ransa shi ne ya gani a tsugune a gefen rumfarsa. Suka keɓe da Fasto, suka daɗe fiye da na farko. Da aka shiga aka ce an ƙara wata guda, don Malam Yohanna ya samu ya duba gidansa. Baba ya tattara farin kaftaninsa ya zauna a baya, farantin ya sake tsallake shi, wannan karon ta dalilina.

Bayan an tashi muka tsaya bakin titi muna jiran mota, rana ta take, ƙanshin masa yana tasowa daga rumfar wata tsohuwa. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba, jijiyar goshinsa ta miƙe. Mama ta zo ta tsaya tsakanina da shi, ya ce, "Saratu, matsa." Ta matsa rabin taku. Ya ce wa ya koya mini, na ce Balki. Ya ce ko wani ya ce in bar hanyarmu, na ce a'a. Ya ce to don me? Na ce don ya daina fushi ya koma gaba, na ce duk nasa ne, wata biyu da rabi ina yi masa, barci ne yake karya mini a mota. Na riga na ga hannun ya taso, na runtse ido na karkata kai yadda na saba. Na jira, ban ji komai ba. Da na buɗe ido na gan shi zaune a kan kwalbati da farin kaftaninsa, ya kama hannun dama da na hagu ya danne a kan gwiwa, kamar mai riƙe kaza za ta tsere. Ya daɗe a haka, har mota ɗaya ta tsaya ta gaji ta wuce. Can ya ce, ba ni yake kallo ba, "Shekara ashirin ina kai ƙarar hannun nan. Yau ne na fara ce masa tsaya, ya tsaya." Ni da ba na barin magana a rabi na ce, to ashe alwalar ta ci. Ya girgiza kai, har ya ɗan yi abin da ya yi kama da dariya. Ya ce ba butata ba ce, kuma ba bencin ba ne. Na ce to mene ne? Ya ce, "Wanda ya saye ni ne yake gyaran kayansa, Rahila. Bai gama ba."

Ban gane ba, kuma ban yi kamar na gane ba. Shekaru da yawa a ƙasan raina ina ganin dai alwalar ce ta ci ta wata hanyar da ba a shirya ba, domin ni da idona na ga an yi wanki da safe, da rana hannu ya tsaya. Washegarin Lahadin, bayan na ba Baba labarin gargaɗin Modibbo, ya sa na mayar da butar, ya ce in gaishe da Modibbo in ce ya gode da abin da ta faɗa mini. Ta karɓa tana murmushi ta ce, "Na hwaɗa miki." Bai hana ni zuwa gidan ba, ko da yake matar Malam Bitrus ta ba Mama shawarar haka. Abin da ya ƙaru shi ne, bayan karatun safe sai ya ce in tambayi abin da ban gane ba, in ya sani ya faɗa, in bai sani ba ya ce bai sani ba, kuma na biyun ya fi yawa. Wata na huɗu ya cika daidai da girbi. Jakin Buhari ne ya kwaso mana dammunan gero daga gonar, jakin nan dai da ya ci shukar. Ran Lahadi Fasto ya kira Baba, ya kama hannunsa ya yi taku ukun nan da shi, aka mayar da jakunkuna bencin baya. Da ya ba da waƙa muryarsa ta karye a layin farko, sai da ya sake ɗaukowa. Ba zan ce daga ranar bai ƙara dukan kowa ba, don ba na ƙara wa kaya nauyin da ba su da shi. Ya ƙara sau ɗaya da na sani, shekara biyu bayan nan, wani yaro ya mara, ya kuma bi yaron har bakin rijiya ya ba shi haƙuri a gaban mata. Bakinsa kuwa ya fi hannun taurin kai. Har ya tsufa yana iya yanka mutum da magana, sai dai tsakanin yankan da ban haƙurin yana ta raguwa, daga kwana ya koma wuni, daga wuni ya koma kafin ka kai ƙofa. Ya rasu yana roƙon nan nasa na kowace safiya.

Sai da na shiga kasuwa maganar kwalbatin ta fara zauna mini, ita ma rabi. Ba na jira gero ya tsabtace kansa kafin in saya. Da tsakuwarsa da ƙaiƙayinsa nake ɗauka, yana hawa motata ya zama nawa, ba mai ƙwace shi, sa'an nan a zazzage a kan tabarma a sheƙe, a tankaɗe, a zauna a yi ta tsincewa. Wannan na gane. Abin da har yau ban gane ba shi ne jinkirin. Ni da nake da 'yan mata huɗu da faifai ina gama buhu kafin azahar, shi kuwa Mai iko duka ya ɗauki shekara sittin a kan mutum guda, ya kuma kira shi gida da saura. Na tambayi fastoci da dama, kowa ya ba ni amsa mai kyau, ba wadda na iya riƙewa a hannu kamar butar Balki. Yanzu cocin da nake zuwa a Sakkwato babba ne, kujerun roba layi-layi, da na'urar ƙara murya, a baya kuma masu latti ne suke zama. Ana yawan ba da shaidar yadda aka kuɓuta daga kaza da kaza a rana guda, ina taya su murna, amma na daɗe ban ga wanda ya miƙe ya tona kansa a kan abin da ba wanda ya gani ba. Wani lokaci in mota ta biyo da ni ta Boɗinga nakan leƙa ta taga in nemi kwalbatin, an faɗaɗa titin, babu shi. Balki tana aure a Mandera, in na je sayen wake a gidanta nake sauka, ta ajiye mini ruwa a buta ta ce in yi wa babana, mu yi ta dariya har jikokinta su taru. Kakar bara wani ɗan dako ya yar mini da buhun wake ya fashe a cikin taɓo, a gaban mutane, na ji hannuna na dama ya taso da kansa, irin tasowar da na sani tun ina tabarma. Na kama shi da na hagu na danne a kan gwiwa. Bakina dai ya riga ni, sai da na bi yaron har tasha na ba shi haƙuri.

Ni ma ba a gama tsince ni ba.